A Daina Cinikin Kuɗin Kaka A Ƙofar Gida

Jama'ar Gaya da Ajingi, da duk wanda rubutun nan ya iske. Yau maganar za ta ɗan yi tsawo. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Abu biyu ne suke faruwa lokaci guda a garuruwanmu, kuma kowannensu asara yake ja mana. Na farko, mutanen nan masu zuwa a kan babur da ɗan sikeli a aljihu, suna bi gida-gida, yau Kademi gobe Shagogo, jibi Toranke ko Gafasa, suna cigiyar tsofaffin kuɗi: kwabo mai huji, anini, sule, liyari. Na biyu, bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wani ya ɗaga kwabo ɗaya a gaban kyamara yana rantse-rantse wai a Turai miliyan kaza ake sayensa. To me aka samu? A wannan gidan tsohuwa ta ba da azurfar aurenta a kuɗin sabulu. A gidan da ke jikinsa kuma saurayi ya ƙulle kwabon da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, ya fara ɗaga wa mutane hanci, yana jiran Baturen da zai zo da jakar dala.

Ga matsayina tun da wuri, don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Duk tsohon kuɗin ƙarfen da ya faɗo hannunka, ko daga gwangwanin kaka, ko a cikin tarkacen mai shago, ko garma ce ta tono maka shi a gona, ka ajiye. Sayarwa sai da dalili mai ƙarfi, sai da awo, sai a kasuwa da rana tsaka. Kuma ajiyewar ba don za ka yi arziki da shi ba ce. Wanda ya sayar a ƙofar gida da wanda ya ɓoye yana mafarkin miliyan, ciwo ɗaya ke damunsu: ba su san abin da ke hannunsu ba. Kaza ce ta kwana a kan dami.

Bari mu buɗe gwangwanin mu ga abin da ke ciki.

Kakanninmu da wuri suke ciniki. Turawa suka ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri, suka kawo nasu kuɗin. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji a tsakiya, yadda za a iya shirya su a zare. Anini goma kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. Aninin farko ma da alminiyam aka yi shi, ba a jima ba aka ga ba ya jure zafi da gumi, aka canza ƙarfen. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, wato mu da Gana da Saliyo da Gambiya, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Daga 1920 aka janye azurfar, aka koma gamin tagulla. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, ya fitar da kuɗin ƙasa na kanmu. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kobo, sule goma ya zama naira ɗaya. Shi ya sa har kwanan baya tsofaffi kobo goma sule suke ce masa, kobo biyar kuma sisi.

Ku riƙe shekarun nan da kyau, domin su ne duk sirrin da mai babur ya fi ku sani. Ba wani asiri gare shi ba. Shekara kawai yake karantawa.

Tsohon kuɗi daraja uku gare shi, kuma duk rigimar daga cakuɗa su take tasowa. Akwai darajar ƙarfen da aka yi shi da shi. Akwai darajar da masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi suke ba shi saboda ƙarancinsa da lafiyar jikinsa. Akwai kuma darajarsa a wurinka kai mai shi, ta tarihin gidanku. Mai babur ta farko yake nema, yana biyan ka kamar babu ita. Mai bidiyo ta biyu yake kambamawa, alhali galibi babu ita. Ta ukun kuwa ba mai maganarta, domin ba mai cin riba da ita.

Mu fara da azurfa, inda cutar ta fi muni.

Liyari, babbar kwandalar nan mai hoton mace a gefe guda da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen, wadda iyayenmu mata suke yi wa kunne su rataya a wuya, matan Fulani kuma su kitsa a gashi. Matar da ke jiki Mariya Tarisa ce, sarauniyar Ostiriya. Kusan duk wadda za ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780. Wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta. Shekarar da matar ta rasu ke nan, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, saboda fatake daga Yaman zuwa Habasha zuwa Barno da Kano sun yarda da ita, ba sa karɓar wadda aka taɓa wa zane. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka duk wanda ya ce maka liyarinka ya haura shekara ɗari biyu don haka miliyan ne, ko bai sani ba ko yana da wata manufa. Amma fa wanda ya ce maka tarkacen ƙarfe ne, wannan ɓarawo ne da rana tsaka. Liyari na gaske nauyinsa gram 28, kuma wajen gram 23 a ciki zallar azurfa ce. Fatakar 1913 zuwa 1919 ta ɗan haura gram 11, sule rabin haka, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Sulallan Ingila ma da suka yi yawo a nan haka suke har 1919, daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa ne, daga 1947 babu ko ƙwayarta. Akwai kuma tsohuwar dalar Faransa da ta riƙa gangarowa daga wajen Damagaram da Maraɗi, gram 25, kashi 90 azurfa.

Azurfa farashinta a bayyane yake. Kullum ana faɗarsa a duniya kamar na zinare, duk mai waya zai iya dubawa, kuma maƙeran fari a Kasuwar Kurmi sun san kuɗin gram na ranar. To don Allah ku gaya min, mutumin da ya ƙona mai a wannan tsadar, ya baro birni ya zo har lungun Kunkurawa ko Balare, don tausayin kaka ya zo? Me ya sa ba ya zuwa sai maza sun tafi gona ko kasuwar Wudil ranar Juma'a? Me ya sa yake haɗa azurfa da tagulla a tafin hannu ɗaya ya yi musu kuɗi a dunƙule? Me ya sa in ka ce bari ka nuna wa wani sai ya ce sauri yake, gobe ba zai biyo ta nan ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san abin da za su ce: ciniki ne, an taya an sallama, ba wanda aka tilasta. Haba malam! Addinin nan da muke bi ya hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su isa kasuwa su ji farashi. Me ya sa aka hana, alhali su ma da bakinsu suka sallama? Saboda sallamar wanda bai san farashi ba, ba cikakkiyar yarda ba ce. In an hana tare baƙauye a hanyar kasuwa, ina ga bin tsohuwa har cikin zaure a saye mata abin da ba ta san sunan ƙarfensa ba? Ba sana'ar sayen tsohon ƙarfe nake zagi ba. 'Yan gwangwan da yawa halaliyarsu suke nema, suna kuma rage mana shara. Wanda nake nufi shi ne wanda ya san azurfa ce, ya ce dalma ce.

Yanzu mu juyo kan masu mafarki, don su ma ba zan ƙyale su ba.

Kwabo mai huji ba shi da tsada. Na san maganar ba daɗi, amma haka take. An buga shi miliyoyi a kan miliyoyi, shekara da shekaru, don ƙasashe huɗu. Abin da ke ko'ina ba ya tsada, ko da ya tsufa. Tsufa daban, ƙaranci daban. Wanda aka fi ruɗar mutane da shi shi ne na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu ya yi murabus a watan Disambar shekarar saboda matar da ya nace sai ya aura. Gaskiya ne a Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, kuma 'yan ƙalilan ɗin da aka buga a can na gwaji suna da tsadar gaske. Amma a nan wajenmu an riga an buga anini da ɗari da kwabo da sunansa, miliyoyi, an kuma kashe su a kasuwa kamar kowane kuɗi. Sai mai bidiyo ya ɗauko farashin wancan na Ingila ya liƙa wa naka. Kai kuma ka daina barci.

Akwai 'yan shekaru ƙalilan da aka buga kaɗan, kuma masu tarawa suna duba ƙananan haruffan da ke nuna gidan da ya buga, kamar H ko KN, na wasu masana'antu biyu a Bamingam. Wannan gaskiya ne. Amma ba a gane shi da rantsuwar ɗan TikTok, kuma ko an dace, sai in kuɗin bai side ba.

Sai mai ƙyallin nan da ake ta yayatawa. Akwai wani nau'in kuɗi da gidajen buga kuɗi ke yi na musamman, Turawa na ce masa furuf, ni bari in kira shi bugun madubi. Ba don kashewa ake yin sa ba. Ana goge hatimin bugun har ya yi sheƙi, a goge ƙarfen da za a buga, a buga shi a hankali fiye da sau ɗaya, a ɗauke shi da safar hannu, a jera a ɗan akwati a sayar wa masu sha'awa ko a ba manyan baƙi kyauta. In ka kalle shi, filin jikinsa kamar madubi, zanen ya fito raɗau, bakinsa da kaifi. An yi wa kuɗin 1959 irin wannan bugu, an yi wa kobon 1973. Akwai su, ba tatsuniya ba ce. Kuma yakan faru ɗaya ya ɓalle ya shiga cikin kuɗin kashewa: wani tsohon ma'aikaci ya rasu, aka buɗe akwatinsa, yaro ya ɗauka ya kai wa mai alewa.

To in ka tsinci irin wannan, ka ajiye ko ka sayar? Ka ajiye, kuma ga dalili. Na 1959 da na 1973 duk babu azurfa a cikinsu. In aka ɗora a sikeli ba komai ba ne. Duk darajarsa tana idon mai tarawa, shi kuwa mai tarawa ba ya yawo a babur. Wanda zai zo ƙofar gidanka kuɗin tarkace zai ba ka, ya je ya nemi wanda ya san abin. Kuma kada ka ɗauka ka tsinci Makka. Masu tarawa cikakken jeri suke so a akwatinsa. Ɗaya tilo da ya sha hannu ya yi ƙarce-ƙarce darajarsa ta riga ta zube. Ko cikakken jerin ma ba ya sayen fili, ba ya yin lefe. Abin sha'awa ne, ba jari ba.

Kuma don girman Allah a daina wanke su. Wannan ita ce ɓarnar da muke yi da hannunmu. Mutum ya samu kwandala, sai ya ɗauko toka da lemon tsami da soson ƙarfe ya dirje ta har ta yi ƙyalli, wai don ta yi kuɗi. Ɗan'uwa ka kashe ta. Mai tarawa da gilashi yake dubawa, duk layin da soso ya bari yana gani, kuma ya fi son duhun tsufa a kan ƙyallin toka. Ƙyallin guga ba ya mai da kuɗi bugun madubi, kamar yadda shafa mai ba ya mai da jaki doki. Ka riƙe ta ta gefe, ka naɗe a busasshiyar takarda ita kaɗai, ka sa inda ba danshi. Kada ka huda, kada ka kai a yi mata kunne.

Ga kuma yadda damfarar take tafiya, don ku gane ta tun daga nesa. Wani zai kira ka ko ya zo da shiga mai kyau, ya ce kamfaninsu na neman kwabon shekara kaza, miliyan biyar suke saye. Ba ka da shi. Bayan kwana biyu sai ga wani, kamar daga sama, yana da irinsa, matsuwa ta sa zai bar maka a dubu ɗari. Ka sayar da akuya da buhun gero ka saya. Ka kira na farko, waya a kashe. Tare suke. Wata hanyar kuma a ce naka ne ake nema, amma sai ka biya kuɗin gwaji, kuɗin rajista, kuɗin takardar fitarwa. Wata kuma a ce akwai jan zaiba a ciki, ko yana jan ƙwayar shinkafa, ko yana kashe tocila. Wannan ƙaryar ba a kanmu aka fara ba. A 2009 an yi irinta a Saudiyya, aka baza cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer akwai jan zaiba a cikinsu, mutane suka yi ta rububin saye da kuɗi masu yawa, ƙarshe ba a samu komai ba. A Indiya an daɗe ana damfarar mutane da labarin ƙarfe mai jan shinkafa. Mu ma mun ji ta a kan dutsen guga mai zakara. Ƙa'ida ɗaya ta ishe ka: mai sayen gaskiya shi ke ba ka kuɗi. Duk cinikin da mai sayarwa ne zai fara biya, kwaɗayi ne ya buɗe ƙofar wahala.

Akwai tambayar da ba a son yi, ita ce: kuɗin ma na wa ne?

Abin da ke cikin akwatin mamaci gado ne. Ba na wanda ya fara buɗe akwatin ba ne. In kaka ta rasu ta bar liyari goma, magadanta duk suna da haƙƙi a ciki, mata da maza, na gida da waɗanda aure ya kai Albasu ko Dutse. Jikan da ya zare uku ya kai wa mai babur ya sayi waya, dukiyar mutane ya ci, ko da gwaggonninsa ba su taɓa sanin da su ba. In kuma tana raye, nata ne, ba a lallaɓa ta da daɗin baki a karɓe. Abin da ka tsinta a hanya ko ka tono a gona shi ma yana da hukuncinsa a fiƙihu, akwai cigiya, akwai bambanci tsakanin tsintuwa da tsohuwar binnanniyar dukiya. Ka je wurin malami kafin ka je wurin maƙeri. Mai azurfa da yawa kuma ya tuna nisabinta dirhami 200 ne, wanda a lissafin da aka fi bi yake kama gram 595, wato liyari wajen 26. Ya tambaya ya ji ko zakka ta hau kansa. Sannan cinikin azurfa hannu da hannu ake yin sa, ba a karɓa a ce sai an kai birni a dawo maka da kuɗi.

Game da sulallan naira na yanzu kuwa, kobo 50 da naira 1 da naira 2 da aka fitar a watan Fabrairun 2007, na san ko ɗan tsinken ashana ba sa saye. Amma har yau kuɗin ƙasa ne a doka, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta lalata su ko cinikinsu, mafi ƙarancin hukuncin shi ne ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu 50 ko duka biyun. Mai narka su ya yi zobe ya sani.

Yanzu ga babbar hujjar masu cewa a sayar, kuma ba zan raina ta ba. Za su ce: malam, tarihi ake ci? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, kwanon masara ya gagari mutane, taki ya gagara, magani ya gagara. Mutum na da yaro kwance, ka ce ya rungumi kwandala?

A'a. Rai ya fi azurfa. In lalura ta gaske ta zo, a sayar, dama don irin ranar aka ajiye. Iyayenmu mata ba don kwalliya kaɗai suka rataya liyari ba, bankinsu ke nan. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, mai lalura shi ya fi kowa buƙatar cikakken kuɗin kayansa. Yunwa hujja ce ta a je Kurmi a auna, ba hujja ba ce ta a miƙa wa na ƙofar gida a rabin rabin kuɗi. Na biyu, yawancin abin da ake sayarwa ba don asibiti ba ne. Don kati ne, da anko, da canjin waya. Ka ba da abin da ya shekara ɗari bai lalace ba, ka karɓi takardar da kafin damina ta zagayo ta rage daraja.

Ku tuna abin da takarda ta yi mana. A watan Afrilun 1984 aka canza launin kuɗi cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka binne nasu a tukunya da yawa suka tashi da takardun banza. A farkon 2023 kowa ya ga yadda aka yi da canjin dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗari biyu: mutum da kuɗinsa ya kwana a layin banki, mai POS ya zama sarki, aka karyar da dabbobi a kasuwa saboda ba tsabar kuɗi, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Liyarin wuyan kaka fa? Ya ga wuri, ya ga fam, ya ga naira, ya ga duk canjin nan, ba gwamnan bankin da ya isa ya ba shi wa'adi.

Saboda haka in ta kama dole a sayar, ga hanya. A tara masu haƙƙi a shaida musu. A ware kuɗin shekara-shekara, na azurfa gefe, na tagulla gefe. A kai wa maƙerin fari ya gwada ya auna a gabanka, don akwai liyarin jabu da yawa, sannan a sake kai wa wani daban wanda bai san na farko ba. A tambayi kuɗin gram na ranar kafin a fito da kayan daga aljihu. A tafi da mutum biyu. A karɓi kuɗi a take. A sayar da iya abin da lalurar ke buƙata, a mai da sauran gida.

Na tagullar kuwa, kwabo da anini da ɗari da kobon 1973, wallahi ban ga dalilin sayar da su ba sam. Abin da za a ba ka ba zai kai ka ko'ina ba, abin da za ka rasa kuma ba ya dawowa, domin tukunyar narki za su. Ku ɗauki kwabon nan ku duba. Akwai rubutun Larabci a jikinsa da ke faɗin darajarsa. Bature da kansa ya san cewa mutanen da ya tarar suna da karatu, dole ya rubuta musu da haruffan da suka sani. Mu da muka yi ta ƙorafi da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, aka kuma cire daga naira ɗari a 2014, mu ne kuma muke auna shaidarmu a sikeli muna bayarwa. Ku duba fatakar 1959, gyaɗa ce a jiki. Ku duba kobo 25 na 1973, dalar gyaɗa ce, irin wadda aka yi da gumin manoman ƙasar nan tamu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yau yaro ɗan sakandare bai taɓa ganin dalar gyaɗa ba, amma ga ta a gwangwanin gidansu. Da waɗannan sulallan kakanninmu suka biya haraji da jangali, wasu suka bar gari saboda rashinsu, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979. Har gobe muna cewa ba ni da ko anini, bai ba ni ko sisi ba, muna kiran tauraron kafaɗar ɗan sanda anini. Kalmar tana bakinmu, abin kuma muna sallamar da shi.

Kuma abin ya fi ciwo a ce a Gaya ake haka. Tarihin da muke alfahari da shi cewa yake maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama, daga nan Kano ta samo asali. Garin da ya koya wa ƙasar Kano sanin ƙarfe, a ce yau baƙo ne zai zo ya gaya wa jikokinsa cewa azurfarsu dalma ce, su kuma su ce Allah ya sa albarka?

Ina roƙon Masarautar Gaya da hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido a kan masu bin gidaje suna wannan ciniki, a ce duk mai saye ya zo kasuwa a fili. Limamai su taɓo maganar gado da tsintuwa a wa'azi. Malaman makaranta su ce yara su zo da tsohon kuɗi ɗaya daga gida, a karanta shekarar tare, a mayar. Wanda ya shiga birni ya kai 'ya'yansa Gidan Makama su ga yadda ake adana kayan tarihi. Kuma ba abin da zai hana a samu ɗan akwatin gilashi ko ɗaya a fada ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, a jera wuri da anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka da liyari, kowanne da sunansa da shekararsa. Kuɗin yin wannan bai kai na fentin allon siyasa ɗaya ba.

Kai kuma mai karatu, yau in ka koma gida ka zauna kusa da tsohuwar gidanku ka tambaye ta ina gwangwanin nan. Ba don ka karɓa ba. Ka ce ta gaya maka wa ya ba ta, a wane biki, me sule yake saye a lokacin. Ka rubuta a takarda ka sa a ciki. Ka kuma gaya mata duk wanda ya zo saye ta ce sai yaranta sun dawo.

Mai son a duba masa nasa ya ɗauki hoto gaba da baya yadda shekarar za ta fito ya sa a ƙasa, akwai masana a cikinmu, amma kada ya faɗi gida ko yawan abin da yake da shi. Masu sana'ar kuma na san za ku zo, bismillah, fili naku ne. Sai dai duk wanda zai yi musu ya fara gaya mana nawa yake sayen liyari a ƙauye, nawa kuma gram ɗin azurfa yake a Kurmi yau.

Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ke da tsofaffi a gida. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kuma tsare mu daga masu cin namu.